Kun Haddace Karin Maganar, To Kun San Gorar?

Da wuya a sami ɗalibin sakandare da zai kasa ƙarasa wannan: "Ba a fafe gora…" Nan take aji zai amsa, "ranar tafiya!" In a jarrabawar Hausa ta WAEC ko NECO ce, maki ya samu. Amma malam ya tambaya mene ne fafewa, sai ka ji tsit.

Gora daga duma ake samunta. Idan ta ƙosa ta bushe, sai a yanke bakinta, a ƙwaƙule 'ya'ya da totuwar da ke ciki. Daga nan a zuba ruwa a bar ta ta jiƙa, a zubar, a sake zubawa, har ɗacin ya fita. Aiki ne na kwanaki. Matafiyin da ya fafe gorarsa da safen tafiya, ruwa mai ɗaci zai sha a daji, ga rana, ga ƙishirwa. Wanda ya san wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba in ya buɗe littafin lissafi a daren jarrabawa.

Matsalar ke nan. Yawancin karin maganarmu an gina su ne a kan kayan da kakanninmu ke taɓawa kullum, mu kuwa mun tashi da robar ruwa da rufin kwano. Maganar na bakinmu, hoton ya ɓace mana.

Ku ɗauki "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Jinka rufin ɗakin ciyawa ne. A ƙasa ake haɗa ta, a ɗaure gwangwala ko itace, a baibaye da ciyawa, sannan a kira maƙwabta su kewaye ta su ɗaga a ɗora kan ginin. Komai ƙarfin mutum, shi kaɗai ba zai iya ba, domin dole a ɗaga kowane gefe lokaci guda. Haka ma "Ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe." Akushi na itace ne, sassaƙaƙƙe, mai nauyi. Ƙwarya kuwa sakayau take. Wannan, a ganina, ta fi kowace dacewa da ɗalibin da ke son yin gasar waya da sutura da abokin da gidansu ya fi nasu ƙarfi.

An daɗe ana rubuta su. Wani Baturen soja, G. Merrick, ya buga tarin karin maganar Hausa a 1905, Kirk-Greene kuma ya fitar da guda 500 a littafinsa Hausa Ba Dabo Ba Ne a 1966. Sunan littafin Abubakar Imam ma, Magana Jari Ce, karin magana ne. Sai dai littafi kalmomin kawai yake ajiyewa. Bayanin jinka da akushi yana wurin kaka, ko masassaƙi, ko mai sayar da ƙorai a kasuwa. Ku tambaye su, kuma ku nemi a nuna muku abin da ido.

Kada ku ɗauka karin magana ta tsaya cik. Da can cewa ake yi, "Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki." Falke shi ne ɗan kasuwar da ke kora jakuna zuwa nesa, har Gwanja ta ƙasar Gana a yau, ya kai kanwa ya sayo goro. Jaki shi ne jarinsa. Da motoci suka karɓe hanya, sai mutane suka sauya jakin, aka koma cewa matar direba ta haifi mota.