Idan allurar zafi ta haura, fara da fanka

A watan Afrilu zafin rana a Potiskum yakan haura digiri 40, kuma a lokacin ne motoci suka fi cika garejin makanikai a unguwar Bolewa, murfin inji a ɗage, tururi na tashi.

Tambayar farko ita ce: a ina motar ke zafi? Idan a cunkoson ranar kasuwar shanu take yi, amma ta huce da zarar an miƙi hanyar Damaturu ko Azare, to fanka ce abin zargi, domin a guje iska da kanta ke sanyaya lagireto. A kunna AC. A yawancin motoci fankar za ta taso nan take. In ta ƙi, a duba fis, sannan rile, sannan na'urar da ke auna zafin ruwa. In an ba fankar wuta kai tsaye daga batir ta juya, lafiyarta ƙalau, laifin na waya ne.

In kuwa a guje take zafi, a duba lagireto: ƙurar hunturu na toshe shi daga waje, ruwan rijiya kuma na tara masa datti da tsatsa a ciki. Farin hayaƙi da baƙin mai da ya koma kamar madara alamun lalacewar gasket ne.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake cire tamosta a haɗa fanka dairek. Injin zai daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai, cutar kuma tana nan. Kada a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce sarai, ruwan na iya ƙona fuska.