Linzamin Zuciya da Magungunan Bakin Gona a Kura da Bunkure

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya biyo magudanai ya sauko Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, noma ya daina jiran damina a wannan yanki. Ana kwashe shinkafa a shiga tumatir da albasa da alkama, ɗan ƙwadago ba shi da watan hutu. Shi ya sa kasuwar "maganin ƙarfi" ta buɗe a bakin gona: goro, shayi mai kauri, lemon gwangwani na ƙara kuzari, gadagi, har da ƙwayar tiramol. Wanda ya sha yakan ji ƙirjinsa na dukan uku-uku, sai ya ɗauka ƙarfi ne ya zo.

Zuciya tana da nata makunni, wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta a saman ɓangarenta na dama. Da za a ƙyale shi, da ya buga kusan sau 100 a minti ɗaya. Amma mai lafiya idan yana zaune, galibi sau 60 zuwa 80 tasa take bugawa, domin akwai wata jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta biyo wuya, likitoci na kiran ta bagus, wadda ke riƙe da zuciya kamar linzami a bakin doki. Bulalar kuwa tana hannun wasu jijiyoyin dabam, masu sakin sinadarin noradirenalin idan mutum ya firgita ko ya ɗauki kaya. A 1921 Otto Loewi ya nuna, da zukatan kwaɗi biyu, cewa da sinadari bagus ke aika saƙonta. Ya ɗebi ruwan da zuciyar farko take ciki bayan ya tsokani jijiyarta, ya zuba wa ta biyu, ita ma ta rage gudu. Sinadarin shi ne asitilkolin.

Dubi mai dashen shinkafa da ya daɗe a sunkuye, sannan ya miƙe zumbur. Jini ya gangara ƙafafu. Nan take wasu ma'aunai da ke jikin manyan hanyoyin jini na wuya suka kai rahoto ƙwaƙwalwa, aka sassauta linzami, bugu ya ƙaru, jiri ya wuce kafin ya share gumi. Wannan daidaitawa da ake yi bugu bayan bugu ita ce magungunan ke dagulawa.

Kafeyin da ke cikin goro da shayi yana toshe saƙon gajiya ne kawai, gajiyar tana nan. Kaɗan ɗinsa ba ya cutar da mai lafiya. Tiramol al'amarinsa ya fi muni: yana hana a kwashe noradirenalin bayan ya gama aikinsa, kuma idan ya yi yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Haɗa wannan da ranar watan Afrilu, lokacin da gumi ya riga ya rage ruwan jiki, zuciya na ta sauri don cike giɓi. Ga zaƙami kuma, wanda wasu samari ke sha da sunan jarumta. Shi tsinke linzamin yake yi gaba ɗaya: zuciya ta zabura, baki ya bushe, gumi ya tsaya. Mutumin da ba ya gumi a tsakar rana cikin gona yana bakin halaka, kuma a ganina duk mai gonar da ya san yaransa na shan irin waɗannan ya kawar da kai, yana da alhaki a wuyansa.

Akwai kuma haɗarin da ke zuwa ta ɗaya ɓangaren. Magungunan feshi irin su piya-piya suna hana jiki rusa asitilkolin. Sai ya taru, yawu da majina su yi ta zuba, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya sarƙe, sau da yawa bugun zuciya ya yi ƙasa sosai. Allurar da ake ceton irin wannan mutum da ita a asibiti, atirofin, dangin abin da ke cikin zaƙami ce. Bambancin shi ne likita na auna ta, yana sauraren ƙirji yana ƙirga bugu kafin ya ƙara. Ɗura wa mara lafiya manja ko madara ba ya karya gubar, yana ma iya shaƙe shi.

Don haka idan mai feshi ya faɗi, a cire masa jiƙaƙƙen kaya, a wanke jikinsa da sabulu, a garzaya Babban Asibitin Kura ko mafi kusa, tare da robar maganin. Kuma 'yan uwa su daure su faɗi gaskiyar abin da ya sha da safe, ko da tiramol ne, domin bugun zuciya na cikin abubuwan da likita ke dubawa wajen sanin yawan allurar da zai yi masa.