Mota mai tampol a birni: in an tsaga, wa zai biya?

A ƙauyukan gundumar Gidan Rumji, kamar Gidan Sori da maƙwabtanta, da kuma can gabas wajen Agye da Gazawa, mota mai rufin tampol ita ce ta gaji jaki da amalanke wajen tafiya mai nisa. Ita ke kai gero, wake, gyaɗa, riɗi da aya zuwa Maraɗi, ita kuma ke komowa da takin zamani, siminti, sukari, atamfa da littattafan ƴan lakwal. Sau da yawa kayan da ke bayanta ba na mutum guda ba ne: buhu biyu na wannan, ƙunshin wancan, ga kuma kayan ɗakin amarya waɗanda uwarta ta shekara tana tara kuɗinsu. Idan motar ta tsaya a birni, abin da ya raba dukan wannan dukiya da hannun mai wucewa shi ne ƙyalle da igiya.

Irin wannan mota ta daɗe a ƙasar nan. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 404 mai akwatin kaya a baya a shekarar 1967, ƙanwarta 504 mai akwati ta biyo baya a 1979, masana'antar kamfanin ta Kaduna kuwa ta soma harhaɗa motoci a 1975. Jama'a suka raɗa wa mai akwatin suna "bashe", daga kalmar Faransanci da ke nufin tampol. A wancan zamani ma'aikatan gona, na dabbobi da na kiwon lafiya sun sha yawon daji cikin Land Rover mai rufin ƙyalle. Yau Toyota Hilux ta karɓi yawancin aikin, ga manyan motoci masu lulluɓe kaya, ga kuma adaidaita mai ƙafa uku wadda ba ta da ko ƙofa. Sunaye sun sake, amma rufin yana nan yadda yake.

Ya kamata a dubi yadda aka yi rufin. Ana kafa ƙarafa masu lanƙwasa bisa akwatin motar, a shimfiɗa tampol a kansu, a zura igiya cikin ramukan da ke bakinsa, a maƙala ta ga ƙugiyoyin jikin motar. Wanda ya tsara wannan, rana da ƙura da ruwan sama ya nufa, kuma a nan tampol yana aikinsa sarai. Game da ɓarawo kuwa, hanya biyu ce a buɗe gare shi: ko ya kwance igiya, ko ya sa reza. Mai son shiga mota mai rufin ƙarfe sai ya fasa gilashi ko ya ɓalle makulli, abin da ke ɗaukar lokaci, yana kuma yin ƙarar da za ta ta da mai barci. Reza a jikin ƙyalle ba ta ta da ko kaza. Direba yana iya kulle ƙofofin gaba da kyau, ya sa makulli aljihu, ya tafi hankalinsa kwance, alhali kuwa wurin zamansa kaɗai ya kulle.

To, me ya sa ba a cika jin wannan kuka a ƙauye ba? Domin a Gidan Sori motar tana kwana ƙofar gida, kowa ya san mai ita, kowa ya san yaronta. Baƙon da ya raɓe ta, kafin ya taɓa igiya wata tsohuwa ta riga ta tambaye shi daga ina, wurin wa ya zo. Idon maƙwabta shi ne makullin motar, direba ya saba da shi har bai san yana dogara gare shi ba. Maraɗi kuwa, a ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 an samu mutum sama da 267.000 a cikinta, ban da baƙin da ke shigowa kullum daga ƙauyuka, daga Yamai da Damagaram, da ta hanyar Ɗan Isa daga Katsina. A bakin babbar kasuwa, saurayin da ke kwance igiyar wata bashe, kowa zai ɗauka yaron motar ne. Wanda ya saɓa buhu ya wuce, za a ce ɗan dako ne. Ɓarawon birni ba ya bukatar ɓuya. Ya ishe shi ya yi kama da mai aiki.

Lokutan da abin ya fi aukuwa sanannu ne ga duk wanda ya yi zaman tasha. Mafi muni shi ne daren lodi. Direba yakan so ya gama ɗaure kaya da yamma domin ya yi sammako, sai ya ajiye motar bakin titi a unguwar da ya sauka, ta kwana da nauyinta. Motar da aka yi wa lodi ba ta ɓoye kanta: bayanta ya dusa, tampol ya kumbura, igiya ta ɗaure tam. Akwai kuma ranar kasuwa, sa'ad da direba ya shiga neman cikon fasinja, yaron mota ya bi wani mai kaya cikin rumfuna. Akwai lokacin sallar Juma'a, da layi ke zama wayam. Akwai ma ɗan gajeren lokacin shan shayi, wanda mai shi zai rantse bai fi minti biyar ba.

Ɓarawo ba ya fara da babbar tsaga. Yakan yi ƴar ƙarama, kamar tsawon yatsa, ya leƙa ko ya laluba. In ya ji buhun gero mai nauyi, wataƙila ya bar shi, domin ɗaukarsa aiki ne. Abin da yake so shi ne mai sauƙin ɗauka da sauƙin sayarwa: turmin atamfa, kwalin sabulu, galan na mai, batirin sola, jakar fasinja. Idan motar ba ta da kaya, akwai tayar ajiya, jak da akwatin sifana. Hausawa sun ce ko ɓera na da sata, daddawa ma na da wari: jakar da aka tura ƙarƙashin benci a gaban idon jama'a, an riga an nuna wa mai nema inda take.

Hasarar kuma ba ta tsaya ga abin da aka ɗauka ba. Tampol da aka tsaga, ko an kai shi ga masu ɗinki an yi masa faci, wurin ɗinkin ne ruwa zai fara bi. Da damina wannan ba ƙaramin abu ba ne: takin yuriya yana narkewa in ya jiƙa, siminti yana daskarewa, sukari yana zama dunƙule. Sai ka iske ɓarawo ya tafi da kwalin sabulu guda, ruwan sama ya ƙarasa sauran a hanyar komawa gida.

Kada mai karatu ya zaci wannan matsalar ƙasashe matalauta ce. A Turai, tsaga tampol ɗin manyan motoci a wuraren hutun direbobi yana cikin hanyoyin satar kaya da suka fi yawa, har a Jamus an raɗa wa masu yin sa suna na musamman, watau "matsaga tampol". Can ana sayar da tampol wanda aka saƙa waya ta ƙarfe a cikinsa domin reza ta kasa wucewa, amma yana da tsada. Yarjejeniyar TIR kuwa, wadda aka sa wa hannu a Janeba a 1975 domin motocin da ke ƙetare iyakoki, ta tsara yadda za a zura igiya guda cikin zobban tampol, a haɗa bakinta da hatimin duwan, har faci ma an faɗi yadda za a ɗinka shi. Duk wannan dabara, amfaninta a gane in an taɓa kaya. Masu tsara ta sun san ƙyalle ba ya hana a taɓa.

Yanzu ga tambayar da ke raba zumunci: wa zai biya? Direbobi da yawa suna tsammanin takardar asirans da suke nuna wa jandarma a hanya za ta fisshe su. A bisa dokar CIMA, wadda ta fito daga yarjejeniyar da Nijar da wasu ƙasashen Afirka suka sa wa hannu a Yawunde a 1992, asirans ɗin da ya zama tilas shi ne na ɓarnar da mota ta yi wa wasu, kamar in ta buge mutum ko ta rushe katanga. Sata ba ta ciki. Mai son a biya shi sata sai ya sayi ƙarin alkawari dabam, ya kuma sa a karanta masa sharuɗɗan a tsanake, domin satar mota kanta dabam, satar abin da ke cikinta dabam.

Game da masu kaya, dokar OHADA ta ɗaukar kaya a mota, wadda aka amince da ita a 2003, ta ɗora wa mai ɗauka alhakin kayan tun daga sa'ad da ya karɓa har ya miƙa su ga mai karɓa. Ta kuma sa iyaka ga diyya: sefa 5.000, watau jika biyar, a kowane kilo, sai fa in an bayyana ƙimar da ta fi haka tun farko. Wannan a takarda ke nan. A tashar ƙauye, saƙo da baki ake ba da shi: "Ga wannan, ka kai wa wane." Ranar da abu ya ɓata, mai kaya ya ce turmi shida ne, direba ya ce huɗu ya gani, maganar ta kai gaban mai gari, a yi sulhun da ba ya gamsar da kowa. Direba ya biya rabi, ya rasa ribar wata guda. Mai kaya ya karɓi rabi, ya daina gaishe shi. A nan ne waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci suke da babban amfani. Ƙaramin littafi a aljihun yaron mota, a rubuta sunan mai kaya, irin kayan, adadinsu da ranar karɓa, mai kaya ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, ya isa ya kashe rabin gardamar.

Sauran dabarun duk sanannu ne, sai dai ana ƙyuyar yin su. Gara a yi lodi da asuba a makara kaɗan, da a bar kaya su kwana a titi. In ba makawa sai sun kwana, to a shigar da motar tasha ko wani gida mai ƙofa da mai gadi, a biya ɗan abin da ake biya, a juya bayanta ga bango, yaron mota ya shimfiɗa tabarma bisa kayan. Kuɗi, salula da takardun mota ba su da dalilin zama ƙarƙashin tampol ko na minti guda. Wasu masu mota suna sa maƙeri ya walda musu akwatin ƙarfe mai kwaɗo a bayan wurin zaman direba, ko ya yi wa akwatin kayan keji na raga. Wannan kuɗi ne da aka kashe inda ya dace. Idan kuwa motar ba ta ɗauke da komai, abin da ya fi shi ne a naɗe labulen baya a bar ta a buɗe. Wanda ya ga babu komai ba zai ɓata rezarsa ba, tampol ya tsira.

Wannan magana ta shafi ma'aikatan hukuma da na ƙungiyoyi ma. Motar aiki da ta zo Maraɗi ɗaukar iri, maganin ƙwari ko kayan makaranta, in ta kwana ƙofar gidan direba maimakon harabar ma'aikata, dukiyar ƙauyuka da yawa ce aka bari a waje. Shugaban da ya sa hannu a takardar tafiya, ya kamata ya faɗi inda motar za ta kwana.

In abin ya riga ya auku, kada a taɓa tsagar, kada a yi hanzarin ɗinke ta. A tafi kwamisariya in a birni ne, ko wurin jandarma in a daji ne, a ba da jerin abin da ya ɓata, a karɓi takardar shaida, domin ba tare da ita ba, ba kamfanin asirans ba, ko mai kaya ma zai yi wuyar yarda. Tun daga dokar hukunta laifuffuka ta 1961, shari'ar ƙasar nan tana tsananta horo ga satar da aka yi da dare ko cikin ƙungiya, tana kuma kama wanda ya sayi kaya alhali ya san na sata ne. Wanda aka kama hannu dumu-dumu, a miƙa shi ga ƴan sanda da ransa da lafiyarsa. Dukan taron dangi laifi ne a gaban alƙali, kuma mutumin da aka sumar ba zai iya faɗin rumfar da ya kai turmin atamfar jiya ba.