Tsohon agogon Alhaji: Yadda ake gane shekarunsa kafin a sayar

A gidaje da dama a Dutsin-Ma da Kurfi, idan aka buɗe adakar mamaci domin rabon gado, akan tarar da agogon hannu kwance tare da carbi da tsohon fasfo. Yawanci ya daɗe da tsayawa. Daga nan magada kan rabu biyu: wasu su ce tarkace ne a miƙa wa 'yan gwangwan, wasu su ce sun ji ana sayen irinsa da miliyoyi. Da wuya a samu wanda zai iya faɗin shekarar da aka ƙera shi, alhali a kan wannan da lafiyar agogon kuɗinsa ya rataya.

Babu littafin Hausa da za ka ɗauko a kanti ka duba. Tsofaffin masu gyaran agogo, waɗanda da jin ƙarar inji sukan gane irinsa, suna ta raguwa tun da waya ta karɓe aikin faɗin lokaci. Amma da yawan agogunan nan suna ɗauke da takardar haihuwarsu a bayansu.

Mu ɗauki Seiko 5, wanda kamfanin Seiko na Japan ya fara fitarwa a 1963, kuma alhazai suka riƙa kawowa tsaraba daga Makka. Shi ne wanda ake ganin ranakun mako da Larabci a fuskarsa, ba ya buƙatar batir, motsin hannu ke ba shi wani. Juya shi ka dubi murfin baya. Akwai lamba mai gurbi shida (wasu na shekarun 1960 bakwai ne). Gurbin farko shi ne lambar ƙarshe ta shekarar da aka ƙera shi. Na biyu wata ne: 1 zuwa 9 Janairu zuwa Satumba, sannan O Oktoba, N Nuwamba, D Disamba. Idan lambar ta fara da 4N, an yi shi a watan Nuwamba na shekarar da ta ƙare da 4.

To, wace ce? 1974, ko 1984, ko 1994? Nan ne wata lamba ta biyu ke shigowa, mai gurbi huɗu, ɗan layi, da wasu huɗun. Huɗun farko sunan injin ne. Injin 6309 ya fito ne a 1976, aka ci gaba da yin sa zuwa ƙarshen shekarun 1980, don haka 4N a kan 6309 na nufin Nuwamban 1984. Idan kuwa 7S26 ka gani, kada wani ya ce maka na zamanin Gowon ne, domin sai 1996 aka fara wannan injin.

Wani lokaci lissafin kan cije. Agogo mai 6309 da lambarsa ta fara da 7 zai iya zama na 1977, zai iya zama na 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina. A nan takardun gida sun fi kowane kundin Turawa amfani. Hatimin da ke cikin fasfon aikin Hajji, hoton biki da agogon ya fito a hannun mai shi, ko rasit. Rasit ɗin da aka rubuta da fam da sule ya girmi Janairun 1973, lokacin da naira ta shigo. Dattijuwar gida ma shaida ce: idan ta ce da kuɗin Udoji aka saya, ta kai ka tsakiyar shekarun 1970, sa'ad da ƙarin albashi ya sa malaman makaranta da ma'aikata suka yi ta sayen rediyo da babur da agogo. A ganina, wannan shaidar ce aka fi sakaci da ita, kuma ita ce ke tafiya kabari ba ta dawowa.

Ƙananan rubuce-rubuce ma na magana. Seiko da aka rubuta wa "Water Proof" ya girmi mai "Water Resistant", domin wajen 1970 aka sauya kalmar. Mai "West Germany" bai wuce 1990 ba, shekarar da Jamus ta haɗe. Raketa ko Vostok mai alamar USSR ko CCCP na zamanin Tarayyar Sobiyet ne, wadda ta rushe a 1991. Mai batir kuwa, wanda aka rubuta wa "Quartz", ba zai girmi 1969 ba, shekarar da Seiko ya fitar da na farko a kasuwa, kuma sai bayan shekaru ya yi arha har ya iso hannun talaka. Shi kuma "17 Jewels" ko "21 Jewels" da ke ruɗar mutane, ba lu'ulu'u ba ne. Ƙananan duwatsun haɗi ne da ke rage gogayya a cikin inji, ba su da wani kuɗi idan aka cire su.

Agogunan Suwizalan sun fi wahala, saboda lambar da ake nema sau da yawa tana jikin injin, sai an buɗe murfi. Kamfanin Longines na da rajistar lambobinsa tun 1867, kuma ana iya tuntuɓarsa. Na Omega akwai jadawalin da masu tara agogo suka haɗa, wanda ke ba da shekara bisa kusanci. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma mai data a waya zai iya rubuta sunan kamfani da lambar inji ya samu tsofaffin kundayen talla da aka ɗora a intanet, ya gwada hoto da hoto.

Sai dai a kula, samun suna a fuskar agogo ba ya tabbatar da komai. Jabun Rado da Omega da Rolex sun daɗe a kasuwanninmu, wasu sun kai shekara arba'in, wato tsoho ne amma jabu. Akwai kuma waɗanda aka harhaɗa: murfin wannan, injin wancan, fuskar da aka sake wa fenti. Shi ya sa ake son lambar injin da ke murfi ta yi daidai da wadda ke jikin injin kansa.

Kafin a kai shi gyara, a ɗauki hoton gaba da baya a cikin haske. A roƙi mai gyara kada ya canza fuska ko ya goge jikin har ya yi ƙyalli, domin masu saye sun fi son agogo da tsufansa, kuma duk abin da ya cire ya mayar maka a leda. Idan agogon ya girmi shekarun 1960 kuma lambobinsa na da fentin nan mai haske da dare, kada a kankare shi, domin a da da sinadarin radiyam mai cutarwa ake haɗa shi.

Yawancin Seiko 5 na alhazai ba za su sayi fili a Kurfi ba. An ƙera su da yawan gaske, kuma suna nan ko'ina a duniya. Amma akwai nau'o'in Seiko na masu ninƙaya da na auna gudu da ake nema ruwa a jallo a ƙasashen waje, kuma lambobi takwas ɗin nan na bayan murfi ne ke bambanta su da sauran.