Gidan da ya juya wa hanya baya

Ranar da na fara ganin hoton gidan Hooper, na ɗauka katangar wata tsohuwar gona ce. Doguwar katanga ce ta dutse, ba taga ko ɗaya, sai ƙofa guda. Ashe gidan zama ne, a gefen birnin Baltimore na Amurka, an gama shi a 1959. Wanda ya zana shi kuwa, Marcel Breuer, ba da dutse ya yi suna ba.

Da ƙarfe ya fara yin suna. An haife shi a garin Pécs na ƙasar Hangari a 1902, ya shiga makarantar Bauhaus ta Jamus yana ɗan shekara 18. A 1925 ya ƙura wa kan kekensa ido, ya ga yadda aka lanƙwasa bututun ƙarfen bai karye ba, sai ya yi kujera da irinsa. Ita ce ake kira Wassily, har gobe ana sayar da ita, da tsadar gaske kuwa. Ya koma Landan a 1935, lokacin 'yan Nazi na mulkin Jamus, daga nan sai jami'ar Harvard a 1937. Manyan ayyuka suka biyo baya: hedkwatar UNESCO a Paris, wadda suka zana su uku, da gidan tarihi na Whitney a New York a 1966. Ya rasu a 1981.

Ni dai gidan Hooper ya fi kama mini rai. Duwatsun irin waɗanda manomi ke tsincewa ne daga gona in zai yi huɗa, ba a goge su ba, ba a shafa musu fenti ba. Kana shiga ƙofar sai ka ga fili a tsakiya, sama a buɗe. Falo da kicin a hannu ɗaya, ɗakunan kwana a ɗaya hannun, don kada hayaniyar baƙi ta kai ga mai barci. Bayan gidan kuma gilashi ne, yana kallon itatuwa da tafkin Roland.

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ko Damagaram zai gane dabarar: mai wucewa ya ga katanga, na ciki ya sha iska. Sai dai tsakar gidan Breuer ba ta daka da shanya ba ce. Da hunturu ƙanƙara ce ke cika ta, masu gida na leƙenta ta gilashi.