Kwana Biyu Ba Sa Shirya Akwatin Kifi

Duk wanda ya taɓa zuwa sayen akwatin gilashi na kifin ado ya san shawarar da ake ba shi a bakin shago: "Yallaɓai, ka cika shi da ruwa, ka bar shi ya kwana biyu, sai ka dawo ka zaɓi kifinka." Mutum ya bi maganar sau da ƙafa. Makon farko lafiya lau, yara na murna. A mako na biyu sai kifaye su daina cin abinci, su taru a saman ruwa suna haki, su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai zargi: kifin ne marar kyau, ruwan unguwar ne, ko kuma baki ne ya kama su. Galibi ba ko ɗaya daga ciki. Guba ce ta kashe su, kuma daga jikinsu ta fito.

Kifi yana fitar da sinadarin amoniya, mafi yawa ta gefen kansa inda yake numfashi, sauran kuma daga kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe. A kogi ruwa yana tafiya da ita. A akwatin lita 60 ba ta da wurin zuwa. Abin da ke ceton kifi wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu cin amoniya su mayar da ita naitirait, wanda shi ma guba ne, domin yana shiga jini ya hana shi ɗaukar iskar oksijin. Shi ya sa za ka ga kifi yana haki alhali famfon iska na aiki. Wasu ƙwayoyin kuma su karɓi naitirait su mayar da shi naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce, ana rage shi da canjin ruwa, tsirrai ma suna shan sa. Sabon akwati ba shi da isassun waɗannan ƙwayoyi. Sai an raine su, kuma ana iya rainon nasu babu kifi ko ɗaya a ciki.

To, maganar kwana biyun nan ƙarya ce zalla? A'a, tana da tushe. Kulorin da ake sa wa ruwan famfo yakan fice idan ruwa ya kwana a buɗe, musamman in ana busa masa iska. Iyakar gaskiyarta ke nan. Akwai ma wani nau'in maganin ruwa da ake kira kuloramin, wanda ajiye ruwa ba ya korar sa, sai an ɗiga maganin kashe kulorin. Ficewar kulorin kuwa ba ta haifar da ƙwayar bakteriya ko ɗaya. Ko wata guda ka bar ruwa tsura a akwati, in ba ka sa musu abin da za su ci ba, ba za su yaɗu ba, kuma ranar da kifi ya shiga daga farko za a fara.

Ƙwayoyin nan masu nawa ne ƙwarai wajen hayayyafa. Akwai bakteriyar da ke ninka kanta cikin minti 20, amma waɗannan sukan ɗauki kusan yini guda ko fiye kafin su ninka. Shi ya sa aikin ke cin mako 4 zuwa 6, wani lokaci har 8. Wanda ya ce maka akwai dabarar gama shi cikin kwana uku daga akwati fanko, ba tare da an ɗauko ƙwayoyi daga wani wuri ba, bai faɗa maka gaskiya ba.

Jita-jitar da ta fi ɓata mini rai ita ce wadda ke cewa dole sai an sa kifi masu taurin rai, irin su gofi, su "buɗe" akwatin. Gaskiya ne haka aka daɗe ana yi, kuma gaskiya ne akwatin yakan shiryu ta wannan hanya. Amma bakteriya ba kifi suke nema ba, amoniya suke nema, kuma ba ruwansu da inda ta fito. Kifin da aka jefa cikin sabon akwati yana shafe makonni a cikin guba mai ƙona masa wurin numfashi. Wanda ya rayu ma yakan fita da rauni. Dabba ce mai rai da ka ɗauko da kanka ka kulle a gilashi, haƙƙinta yana wuyanka, kuma tunda ga hanyar da ba sai an wahalar da ita ba, ban ga hujjar zaɓen waccan ba.

Hanyar kuwa ba ta da wuya. Ka shimfiɗa tsakuwa, ka cika ruwan da aka kashe wa kulorin, ka kunna matata da famfon iska, ka bar su suna aiki dare da rana. Sannan ka ɗiga amoniya har gwaji ya nuna kimanin miligiram 2 a kowace lita, abin da takardar gwaji ke rubutawa 2 ppm. An fi son amoniyom kulorayid da ake sayarwa don wannan aiki. In ruwan amoniya na goge-goge ka samu, ka girgiza kwalbar tukuna: idan ta yi kumfa mai daɗewa, akwai sabulu a ciki, kada ka kusantar da ita ga akwatin. Wanda bai samu ko ɗaya ba yana iya barbaɗa ɗan abincin kifi kullum ya bar shi ya ruɓe. Yana aiki, sai dai yana kawo datti da ɗan wari, kuma ba ka iya auna abin da ka zuba.

Daga nan sai gwaji, kuma a nan ne mutane suka fi yin ƙwauron kuɗi. Kayan gwaji na ɗigo sun fi kifin da za ka yi asara araha. A irin na kamfanin API, kana cika 'yar kwalba da ruwan akwati mililita 5, ka ɗiga magani, ka jira minti biyar. Kwalbar amoniya takan tashi daga rawaya zuwa kore idan akwai guba, ta naitirait kuma daga shuɗi mai haske zuwa shunayya. Kwanakin farko ba abin da ke motsi. Sai wata rana koren ya fara dusashewa, shuɗin ya rikiɗe. Wannan shunayyar ce ke daɗewa, har mutum ya fara zaton wani abu ya lalace. Ba abin da ya lalace, ƙwayoyin mataki na biyu ne ba su kai yawa ba tukuna. Ka ci gaba da ƙara amoniya kaɗan idan ta ƙare, kada ka cika hannu, domin kowane miligiram ɗaya nata yana zama kusan miligiram 2.7 na naitirait. Akwati ya shiryu ranar da ka sa 2 ppm, bayan awa 24 ka tarar amoniya sifili, naitirait sifili, naitiret kuma ya bayyana.

Ido ba ya maye gurbin wannan gwaji. Ana cewa in ruwa ya yi garau to ya yi kyau, amma amoniya da naitirait ba su da launi. Farin hazon da ke turnuƙe sabon akwati a makon farko kuma wasu ƙwayoyi ne daban masu cin datti, sukan lafa da kansu, kuma lafawarsu ba ta nufin an gama.

Sai batun roƙon tsohon ruwa daga akwatin aboki. Niyyar daidai ce, abin da ake ɗaukowa ne kuskure. Ƙwayoyin ba sa yawo a ruwa sosai, manne suke a jikin soson matata da tsakuwa da gilashi. Jarka guda ta tsohon ruwa ba ta kai yankin soso ɗaya amfani ba. Kamar yadda mai nono ke sa ɗan tsohon kindirmo a sabuwar madara don ta kama, haka guntun soso daga lafiyayyen akwati yake rage jiran zuwa mako ɗaya ko biyu. Ka ɗauko shi a jiƙe cikin ruwan akwatinsa, ka sa shi a matatarka a ranar, kuma ka tabbata kifin can ba sa ciwo, don cuta ma tana bin soso.

Bakteriyar kwalba da ake sayarwa fa? Nan gaskiya ta rabu biyu. An daɗe ana ɗauka ƙwayar Nitrobacter ce ke cinye naitirait a akwatin kifi, har sai da binciken Timothy Hovanec da abokan aikinsa na 1998 ya nuna Nitrospira ce ke wannan aiki a akwatunan ruwan daɗi. Kwalbar da ke ɗauke da ƙwayoyin da suka dace, da ransu, tana gaggauta aiki. Amma abu ne mai rai, kuma kwalbar da ta sha zafin kwantena da na shago wata da watanni tana iya zama ruwa kawai. Ka zuba in kana da ita, amma gwaji ne zai yi hukunci. Gishiri ma haka: yana rage shigar naitirait jinin kifi, amma ba ya cire amoniya, ba ya kuma raina ƙwaya.

Yanayinmu yana taimakawa, domin ƙwayoyin sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 25 zuwa 30. Lokacin hunturu a Kano ko Jos, in ruwa ya yi sanyi, aikin yana jan ƙafa. Ɗauke wuta na 'yan awanni ba ya kashe su kamar yadda ake tsoratarwa. Abin da suke buƙata danshi ne da iska. In rashin wutar ya yi tsawo, ka ciro soson daga cikin matata ka sake shi a cikin akwatin, ka kunna ƙaramin famfon iska mai batir. Mai amfani da ruwan burtsatse ko na rijiya ya gwada shi tun kafin ya zuba, don wani yana zuwa da naitiret ɗinsa. Idan kuma aikin ya tsaya cak a tsakiya, a duba pH, wato ma'aunin tsamin ruwa: aikin ƙwayoyin yana sa ruwa tsami, in ya sauka kusa da 6 sai su yi sanyi, kuma canza rabin ruwan yakan tashe su.

Ranar da gwaji ya nuna sifili biyu, ka canza mafi yawan ruwan don rage naitiret da ya taru, ka sa kifi cikin kwana ɗaya ko biyu, kaɗan-kaɗan, kana ci gaba da gwaji a makonnin farko. Idan soso ya yi datti daga baya, kada ka kai shi bakin famfo, kada kuma ka jefar da shi ka sa sabo gaba ɗaya. Ka ɗebi ruwan akwatin a bokiti, ka matse shi a ciki sau biyu ko uku, ka mayar da shi wurinsa.