Yaro mai fizgar gaɓɓai bayan ciwon maƙogwaro: mi ya sa allurarshi ke daɗewa?

Akwai wani ciwo na yara wanda mutane da yawa suke ɗauka aikin iskoki ne. Yarinya tana nan lafiya lau. Sai a ga ƙwarya tana suɓucewa daga hannunta. In ta ɗebo fura a ludayi, rabi ya zube kafin ya kai baki. Kafaɗa tana motsi, ƙafa tana fizga, fuska tana yamutsewa kamar mai yi wa mutane gwalo. A ce ta zauna wuri guda, ba ta iyawa. A lakwal rubutunta ya lalace, malami ya ce wasa take yi. A gida uwa ta ce rashin ji ne, ta kai mata mari.

Halinta ma yana sakewa. Abu kaɗan sai kuka. Ga saurin fushi, ga tsoro. Wata ba ta yarda uwarta ta gusa ko zuwa rijiya. Wata tana wanke hannu, ta koma ta sake wankewa, har tulu ya ƙare. Sau da yawa sakewar hali ita ke fara zuwa, kafin a ga motsin jiki.

Wanga ciwo likitoci sun daɗe da saninshi. Wani likitan Ingila mai suna Tomas Sidenham ya bayyana shi tun shekarar 1686, shi ya sa ake kiranshi cutar Sidenham. Ya fi kama yara masu shekara 5 zuwa 15, kuma ya fi yawa ga ɗiya mata. Ba farfaɗiya ba ce, domin yaron ba ya suma, yana jin duk abin da ake faɗi. In barci ya ɗauke shi, motsin ya tsaya. In an ce ya riƙe yatsun babba da ƙarfi, sai a ji hannunshi yana matsawa yana saki, kamar mai tatsar saniya. Da irin waɗanga alamomi majo yake gane shi.

Amma a lura. Yaron da jikinshi ya yi zafi ƙwarai, wuya ya sandare, ko ya sume, ko yake shure-shure ido ya juye, wannan wani ciwo ne daban. Yana iya zama sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Irinshi ba a kwana da shi gida.

Daga ina ciwon yake fitowa?

Daga maƙogwaro. Akwai wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, ana ce mata sitireftokok. Tana bin tari da atishawa da miyau. Tana yaɗuwa sosai inda yara da yawa suke kwana ɗaki guda. Ita ke sa yaro ya kasa haɗiyar tuwo, jiki ya yi zafi, kaluluwa ta fito ƙarƙashin muƙamuƙi. Bayan ƴan kwanaki ciwon ya lafa, kowa ya manta. Wasu iyaye sukan kai yaro wurin wanzami a cire mashi beli. Cire beli ba ya kashe ƙwayar, rauni kawai yake ƙara wa yaro.

Jikin mutum yana da dakarunshi cikin jini, masu yaƙi da cuta. To, ita wagga ƙwaya ɓarawo ce da ta sa riga irin ta mai gida. Dakaru suka bi ɓarawo da sanda, suka kore shi. Daga baya suka ga mai gida da irin rigar, suka far mashi. Haka ke faruwa ga wasu yara, ba duka ba. Dakarun jikinsu suna komawa kan gaɓɓai, gwiwa ko idon sawu ya kumbura. Suna komawa kan wani wuri cikin ƙwaƙwalwa, wanda ke tsara motsi da hali. Suna komawa kan zuciya. Fizgar jiki ba ta zuwa da wuri. Takan fito wata 1 zuwa wata 6 bayan ciwon maƙogwaron. Shi ya sa in majo ya tambaya, uwa takan ce ita ba ta tuna ba.

A shekarar 1998 wata likita a Amurka mai suna Suzan Suwedo ta bayyana yara 50 waɗanda halinsu ya sake farat ɗaya bayan irin wanga ciwon maƙogwaro. Likitoci suna kiran wannan PANDAS. Su ma in an samu ƙwayar ana ba su maganin da ke kashe ta.

Kwana 10 na farko

Maganin ƙwayar shi ne fenisilin, ko ɗan'uwanshi amokisilin. Majo yakan ba da na sha na kwana 10, ko ya yi allura guda mai daɗewa a jiki. In na sha ne, kwana 10 ɗin sai sun cika. Yaron da ya sha na kwana 3 aka ɓoye saura don ƙanenshi, an rage ƙwayar ne, ba a gama da ita ba.

Yaro mai fizgar hannu ba ya iya riƙe cokali. Babba ya zaunar da shi kan cinya, ya tallafe mashi kai, ya ba shi kaɗan kaɗan ta gefen baki. Kada a toshe mashi hanci, kada a yi mashi ɗure yana kuka, domin yana iya shaƙewa. Maganin ruwa da aka dama ba ya son zafi. A ajiye kwalbar cikin inuwa, gindin randa, a girgiza ta kafin a zuba. In ɗan zawo ya zo, a ba yaro ruwan gishiri da sukari na likita, a ci gaba da magani. In kuwa borin jini ya feso mashi, ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a tsayar da magani a tafi likita nan take. Yaron da fenisilin ba ya karɓarshi, akwai wani magani da ake sake mashi.

Allurar sati 4

Nan ne iyaye da yawa suke karaya. Uwa takan dawo ranta a ɓace, ta ce: "Majo, allura biyu ke nan, ga ɗiyar har yanzu tana motsi. Ina amfaninta?" Majo yakan amsa: "Inna, wagga allura ba ta motsi ba ce. Ta zuciya ce."

Gaskiya ya faɗi. Fenisilin ba ya tsayar da fizgar jiki. Fizgar tana lafawa da kanta, sannu sannu, cikin ƴan watanni. Ga wasu tana wuce shekara. In ta yi tsanani har yaro ba ya iya ci ko tafiya, likita yana da wasu magunguna daban masu rage ta. Aikin allura shi ne ta tsare ƙofa, kada ƙwayar ta sake shiga. Domin duk sa'ad da ta sake shiga, dakarun jini suna sake tashi, kuma zuciya ce ke shan duka.

Cikin zuciya akwai ƴan ƙofofi guda 4 masu buɗewa da rufewa, don jini ya bi hanya ɗaya. Kowane sabon tashin ciwo yana ƙara lalata su. Ɓarnar ba ta ciwo da fari. Sai bayan shekaru a ga saurayi yana haki kan kunya guda ta noma, ƙafafu sun kumbura. Ko a ga mace ta galabaita cikin cikinta na fari. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce wanga ciwon zuciya yana kashe mutum fiye da dubu 300 kowace shekara. Gyaran ƙofar zuciya aikin fiɗa ne mai tsada ƙwarai. Kuɗin allura ba su kai ko kusa ba.

Allurar ana ce mata benzatin fenisilin. Ana yin ta kowane sati 4, wani lokaci likita ya ce sati 3. Ana auna nauyin yaro, domin na ƙarami bai kai na babba ba. Tana daɗewa: aƙalla shekara 5, kuma ba a bari sai yaro ya kai shekara 18 zuwa 21. In an duba zuciya da na'ura a babban asibiti, kamar na Yamai ko Damagaram ko Maraɗi, aka ga ta taɓu, to shekara 10 ce ko fiye. Wasu har iyakar rayuwa. Likita ne ke faɗin ranar bari. Ganin yaro yana guje-guje da ƴan'uwanshi ba shi ne ranar bari ba.

Ƙidayar kwana 28 ba ta bin tsayuwar wata, domin wata kwana 29 ne ko 30. Ta fi sauƙi da kasuwa. In an yi allura ran kasuwar Litinin, a bar Litinin uku su wuce, ta huɗu ita ce ranar komawa. Wasu suna ƙulla igiya, wasu suna jefa tsakuwa cikin ƙoƙo. Wanda ya koyi karatu a gidan shi ke rubuta ranar cikin karne, ya karanta wa saura. In rana ta kuɓuce, kada a jira zagayowar wata. A tafi washegari.

Allurar tana da zafi, ba a ɓoye wa yaro wannan. Ruwanta fari ne mai kauri, ana sa shi cikin tsoka sannu a hankali. Yaron da aka ce wa "zo mu tafi kasuwa" ya tsinci kanshi gaban majo, wata mai zuwa sai an bi shi cikin gona. Gara a gaya mashi tun jiya. A ba shi abinci da ruwa kafin a fita, domin mai yunwa ya fi saurin jiri. Majo yakan murza kwalbar cikin tafin hannu ta yi ɗumi, ya danna wurin da yatsa kafin ya soka. A wasu wurare ana haɗa ta da maganin kashe zafi, kuma ba laifi ba ne uwa ta tambaya. Uwa ta riƙe hannun yaro, ta sa shi ƙidaya ko ta yi mashi tatsuniya. Wannan wata ɗuwawun dama, wata mai zuwa na hagu. Bayan allura a zauna gidan likita kamar rabin awa, don a ga ko jiki ya karɓa. Kada a taɓa ba mai yawon tallar magani ya yi ta. In ta shiga jijiyar jini tana iya kisa. Yaron da zuciyarshi ta taɓu sosai kuwa, likita yana iya mayar da shi kan ƙwaya ta sha kullum maimakon allura.

Maganar kuɗi ma sai an shirya mata. Kyautar magani da gwamnati ta kafa a 2006 ta yara ƴan ƙasa da shekara 5 ce, su kuwa waɗanga yara sun wuce nan. Mai gida mai dubara yakan ware kuɗin allura da na mota tun kaka, lokacin da wake da gyaɗa suke hannu. Damina ce ta fi wuya: aiki ya yi yawa, rumbu ya yi ƙasa, gulbi ya yanke hanya. Ƙwayar cuta ba ruwanta da damina.

Zaman gida

Kafin motsin ya lafa, a nisanta yaro da murhu, da rijiya, da wuƙa, da kunu mai zafi. Ya kwana kan tabarma a ƙasa. Jikin da ba ya hutawa yana cin abinci da yawa, sai a ƙara mashi, a taimake shi ci. Tsawa da kallo suna ƙara fizgar. Yaron da aka taru kanshi ana cewa "tsaya mana" ya fi motsi. Kukanshi da fushinshi na ciwo ne, duka ba ya gyara su.

A je a yi wa malamin lakwal bayani, kada ya buge shi kan rubutu, kada yara su mai da shi abin dariya. Hankalinshi yana nan, rubutun zai dawo. Fizgar ba ta yaɗuwa, babu dalilin ware mashi ƙwarya. Amma in ƙane ko wa ya kama ciwon maƙogwaro da zafin jiki, a kai shi likita da wuri. Iyalin da ke neman addu'a wurin malami su nema, allura ba ta hana ba. Abin da ke cutar da yaro shi ne a tsayar da ita don an ce iska ba ta son ƙarfe.

Shekara 5 ko 10 tafiya ce mai nisa, yaro yana girma cikinta. Saurayi zai tafi cin rani. A sa mashi karne cikin jaka, ya nuna shi ga likitan garin da ya sauka. Budurwa za a yi mata aure. A gaya wa miji da uwar miji tun kafin a kai ta ɗaki, don su san ranar allurarta. Fenisilin ba ya ɓata ciki, mai ciki tana ci gaba da shi. Fizgar jikin tana iya dawowa lokacin ciki. Ranar awon fari ta tafi da tsohon karnenta, ta gaya wa ungozomar likita ta taɓa yin wanga ciwo, don a saurari zuciyarta.